Kalilu Mai Dakan Ƙasa

Idan ka sauka a tashar Isa ka tambayi gidan Malam Kalilu, kallonka kawai za a yi. Ka ce Mai Dakan Ƙasa, ko mai sayar da rake zai nuna maka lungun. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, saboda haka ina da ikon in faɗi abin da na ga dama a kansa, kuma za ni faɗa.

A Unguwar Lalle aka haife mu, gidan manoman gero da dawa. Tun yana ƙarami Kalilu ba ya wuce rami bai leƙa ba. In ana haƙa rijiya yana bakinta, in ana haƙa masai yana nan tsugune. Zai ɗebi ƙasar da aka fitar ya murza a tafin hannu, ya tofa mata yawu ya mulmula, wani lokaci har ya kai ta hanci. Innarmu ta gaji da wankin rigunansa. Da ya gama sakandare ya tafi Sakkwato ya yi karatun gine-gine, daga nan wani kamfanin gina hanya ya ɗauke shi aiki a ɗakin gwajin ƙasa. Muka yi ta murna, gidanmu ya samu ma'aikaci. Da ya zo hutu Inna ta tambaye shi abin da yake yi a wurin aikin, ya ce tankaɗe ƙasa yake yi da rariya, ya gasa ta a tanda, ya auna ta a sikeli. Inna ta ce, "To ai da ka hwaɗi tun hwarko, da na koya maka nan gida."

Ya daɗe yana bin kamfanoni daga wannan hanya zuwa waccan. Da aiki ya yi sauƙi sai ya tattaro iyalinsa ya zauna a Isa. Ya je wurin mai walda ya kwatanta masa irin abin da suke aiki da shi, aka ƙera masa: doguwar sandar ƙarfe mai tsini, da wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi da ke zamewa a jikinta. Zai kafa tsinin a ƙasa, ya ɗaga dunƙulen ya sake shi ya faɗo tim, ya duba inda sandar ta shige, ya sake ɗagawa. In ƙasa mai ƙarfi ce sai ya yi ta bugu tana shiga kaɗan-kaɗan. In mai taushi ce, bugu ɗaya ta haɗiye taki guda. Wanda ya hango shi daga nesa sai ya ɗauka mace ce a bakin turmi, kuma daga nan sunan ya bi shi.

Abin da ke ci masa rai shi ne yadda mutanenmu ke gini. Mutum zai sayo ƙofar ƙarfe tun daga Maraɗi, ya zaɓi fenti kala uku, amma ba zai taɓa tambaya ba ko ƙasar da zai ɗora duk wannan a kanta za ta iya ɗauka. Kalilu ya ce kowace ƙasa da iyakar nauyin da take ɗauka. Marmara daban, yashin jigawa daban. Wadda ya fi jin haushi ita ce baƙar lakar fadama ta bakin gulbi, wadda da rani ko diga ba ta shigarta, da damina kuwa ta kumbura ta ɗaga bango, rani ya dawo ta sake shi ya zauna a karkace. In ya fara wannan bayani, wanda ke da uzuri gara ya tashi tun da wuri.

Ba ya yarda a kira shi injiniya, har fushi yake yi. Shi mai gwaji ne. In ya gama dakansa sai ya buga wa Injiniya Marwan waya a Sakkwato, tsohon maigidansa a kamfani, ya karanta masa abin da sanda ta nuna, shi kuma ya faɗi zurfin da fandisho zai yi, da faɗinsa, da yawan rodin da za a sa. Haka suka yi wa masallatai da tankunan ruwa da 'yan gidajen da masu su suka yarda a gwada. Ba arziki ya yi ba, amma yana ci yana sha. Illa dai ba a zuwa unguwa da shi. A gidan suna kowa na cin nama, shi yana bin tsagar bango da yatsa. Ranar da aka kai ni ɗakin miji, mata na kallon kwanuka, yayan amarya yana bayan ɗaki yana buga dunduniya a ƙasa.

Bayan ƙasa, abu na biyu da Allah ya hore wa Kalilu shi ne tsokana, kuma a nan Tasalla ta shigo. Tasalla 'yar kawunmu ce, wan Inna, a Sabon Birni take. Taubasai ke nan. Ita 'yar namiji, mu 'ya'yan mace, saboda haka tun muna yawo babu riga take kiranmu bayinta, mu kuma ba mu taɓa gaya mata magana ɗaya ta hankali ba. Ni nakan ɗan raga mata. Kalilu kuwa bai san raguwa ba. Da ta yi ƙiba bayan haihuwarta ta uku, ya ɗauko sandarsa ya daka ƙasar da ke ƙarƙashin kujerarta, ya ce dole a zuba kankare kafin ta sake zama. Da za ta haƙa rijiya a gida, ya zo ya yi dakansa da fuska a murtuke, ya zare sandar ya nuna mata tsinin baƙi ƙirin yana walƙiya, ya ce man fetur ne a ƙasan gidanta. Sai da ta gaya wa rabin unguwa kafin ta gane baƙin man babur ya shafa. Ita ma ba ta barin ta kwana. Ta sha dama masa fura da barkono, ta taɓa sace sandar ta kafe ta a tsakar gida ta ɗaure akuya. Duk shekara kuma ranar cika-ciki sai ta aiko masa da tsintsiya, a ce wa bawa ya zo ya yi shara.

Tasalla 'yar kasuwar hatsi ce. Tun da mijinta ya rasu, da kaka take bin ƙauyuka tana sayen gero, ta ajiye, in ya yi daraja ta sayar wa masu motocin da ke tsallakawa Nijar. Da wannan ta rene 'ya'yanta. A rumbunan ƙauye take ajiya, to da zaman ƙauye ya yi wuya, hanya ta daina lafiya, sai ta yanke shawarar gina sito a cikin gari. Ta sayar da shanunta da ke hannun Fulani, ta haɗa da duk abin da ta tara, ta sayi fili a bayan kasuwar Sabon Birni, daidai inda manyan motoci ke lodi. Fili ne shimfiɗaɗɗe, jar ƙasa a sama, tauri kamar daɓe. Dukkanmu mun san wurin. Kududdufin da muke wanka ne in mun je hutu gidan Kawu. Gari ya yi shekara da shekaru yana zuba masa shara har ya cika, daga baya aka kawo jar ƙasa a tifa aka lulluɓe shi.

Wata ranar kasuwa da rani muka je, ni da Kalilu. Magininta, wani dattijo mai suna Wada, ya riga ya ja igiya, an haƙa ramin fandisho zuwa gwiwa. Kalilu ya ɗauko sandarsa ne don neman faɗa kawai, tun a mota yake shirya abin da zai ce. Ya kafa ta yana dariya, ya fara daka. Bugun farko-farko ƙasa ta yi gardama. Sai kawai sandar ta zarce, kowane bugu ta shige fiye da taki, har ya kai ga tana neman nutsewa da nauyin kanta. Na ga dariyar ta bar fuskarsa. Ya zare ya koma wancan gefe, ya sake. Ya koma tsakiya. Duk kanwar ja ce.

Ya ce, "Tasalla, ƙasag ga ba ta ɗaukar sito."

Tasalla ta yi dariya har gyalenta ya zame. Ta ce, "Man hetur ɗin ya ƙare, yau kuma mi kas samo muna?"

"Ba wasa nika yi ba. Ɓawo na bisa, ƙarƙashi dut juji na. Wallahi."

"Ka yi kahhwara."

Na sa baki na ce ta saurare shi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce bayi biyu sun haɗa kai. Wada ya ce shi dai inda mai gini ta nuna nan yake haƙawa, kuma ai ba bene za a yi ba. Kalilu ya ce buhunan gero in aka jera su har rufi sun fi bene da mutanen cikinsa nauyi. Tasalla ta ce ta gode, ya je ya sha fura, an dama masa.

Ya koma Isa ya buga wa Injiniya Marwan, ya karanta masa abin da ya samu. Injiniya ya ce a dakatar da komai. Kalilu ya dawo Sabon Birni ya ba Tasalla wayar ta ji da kunnenta. Ta saurara tsaf, ta yi godiya, ta miƙa masa wayar ta ce wannan abokin nasa ya iya wasan kwaikwayo, a ina ya samo shi? Sai Kalilu ya sa aka haƙa masa rami a kusurwar filin, ya wuce tsayin mutum. Abin da ya fito ba kyan gani: leda, toka, tsohon silifa, fasassun kasko, baƙar laka mai wari, ga ruwa yana tsattsafowa a ƙasa da tsakiyar rani. Ya kira ta ya nuna mata. Ta leƙa, ta toshe hanci, ta ce, "Cikin buhu kaz zo da su ko cikin kwando?"

Ban ga laifinta ba. Mutumin da ya taɓa shafa wa sanda baƙin mai, me zai hana ya binne silifa? Shekara da shekaru ya yi yana koya mata kada ta yarda da shi, ta kuwa koya da kyau. Ga siminti ya iso, ga yashi an jibge, Wada ya sa ranar zuba kankare.

Kalilu ya daina cin abincin kirki. Matarsa ta aiko min in zo in ga yayana. Na iske shi zaune a zaure, sandar na jingine. Ya ce, "Radiyya, za ni kashe wasa." Na gane nufinsa, wasan taubasantaka zai daina da ita. Taubashi in ya zo maka da ladabi, to wani abu ya mutu tsakaninku, kuma ba kowa ke iya tayar da shi ba.

Ranar da za a zuba kankaren, da hantsi, ya sa babbar riga da hula, ya bar sandar a gida. Na bi shi. Mutumin da kullum yake faɗawa gidan Tasalla babu sallama ya wuce madafa yana buɗe tukwane, yau ya tsaya a ƙofa ya yi sallama, ya jira aka ce ya shigo. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a gefen tabarma.

"Hajiya, ina kwana? An tashi lahiya?"

Ta ce, "Wa yab ba ka aron riga?"

Bai ɗauka ba. Ya tambayi lafiyar 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ta sake jefa masa wata, ta ce hular ta fi kan girma. Ya ce, "Haka na, Hajiya." Sai ta bar tsokanar. Ta ajiye ludayin da ke hannunta.

Ya ce, "Yau ba tobashinki na yaz zo ba, ɗan gwaggonki na. Abin da kinka tara tun rasuwar mai gidanki, shi za ki aza bisa juji. Rani ba shi nuna komi. Damina ta hwarko ruwa za su shiga ƙarƙashi, shara ta ruɓe ta zauna, gehe guda ya nutse, bango ya tsage, ruwa su iske gero. In kin yi hakanan, ba ni yi maki dariya. Kuka za ni yi."

Da Tasalla ta buɗe baki muryarta ta ƙanƙance.

"To mi za a yi?"

Ya tambaye ta, cikin yashin hanyar Nijar, jaki da raƙumi wa ke nutsewa? Ta ce jaki. Ya ce wa ya fi kaya? Ta ce raƙumi. Ya ce to tafin raƙumi za a yi wa siton. A kwashe ruɓaɓɓiyar ƙasar iya inda za a iya, a zuba marmara kaɗan-kaɗan, ana jiƙawa ana dannewa da inji. Sannan a saƙa rodi kamar tabarma a ƙarƙashin ginin gaba ɗaya, a zuba kankare faifai guda, don nauyin ya bazu ko'ina maimakon ya taru a ƙarƙashin bango. Injiniya ya riga ya yi lissafin. Amma abin da take da shi ba zai kai ba sai an rage girman siton, an kuma haƙura da shaguna biyun da ta so ta fitar ta gaba. Shagunan nan kuwa ta riga ta yi wa 'ya'yanta alkawarinsu.

Tasalla ta kira yaro. Ta aika a ce wa Wada kada ya kwaɓa siminti. Sannan ta ce, "Na ji, Malam Kalilu. Na gode."

Na ga yadda kalmar Malam ɗin nan ta shige shi. Ya tashi ya ɗauki takalminsa, muka nufi tasha.

Aiki ya yi kyau, ba za ni ɓoye ba. Kalilu ya tare a wurin, duk shimfiɗar marmara da aka danne sai ya daka ta da sandarsa kafin a zuba wata. Shi da Wada suka zama abokai, har dattijon ya koyi ɗaga dunƙulen. Kafin ruwan farko an yi rufi. Ya buga ƙusa a kowace kusurwa, ya daidaita su da siririn tiyo mai ruwa a ciki, don in gefe ya zauna a gane.

Amma Tasalla ba ta dawo yadda take ba. Kullum sannu da aiki Malam, Allah ya saka da alheri Malam. Tana aiko masa da fura a kwano mai murfi, zai ɗanɗana a hankali da bakin ludayi, ya ji zaƙi zalla, ya ajiye ludayin ransa a ɓace. Cika-ciki ya zo cikin damina, ya wuni a zaure yana leƙen hanya, ba a kawo tsintsiya ba. Yayana ya rame. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsu su biyun, manya da su. Na je na tari Tasalla na ce wai me ya yi mata? Ta ce, "Bai yi mani komi ba sai alheri. Amma rannan na ji tsoro, Radiyya. Mutumin da bai taɓa ce mani Hajiya ba. In na buɗe baki in zage shi, sai in tuna shi durƙushe, zagin ya maƙale." Shi ma da na ce masa ya fara tsokanar, cewa ya yi shi ya kashe, ba shi da bakin tayarwa.

Damina ta yi ruwa sosai a shekarar, bayan kasuwa ya zama tafki, motoci suka yi ta kafewa. Kaka ta zo da albarka. Tasalla ta cika siton da gero har sai da 'yan dako suka rinƙa sunkuyawa a ƙarƙashin kwanon rufi. Sannan Kalilu ya zo da tiyonsa, ni ina riƙe masa ɗaya bakin. Wurin cike da direbobi da 'yan dako, Tasalla na zaune can bisa buhuna a bakin ƙofa tana kallo. Muka bi kusurwa-kusurwa. Ko'ina ruwan ya tsaya daidai kan ƙusa.

Ya naɗe tiyon a hankali. Ya ce, "Hajiya, alhamdu lillahi, bai motsa ba. Allah shi sa albarka." Ya juya zai tafi.

Sai wani abu ya faɗo a gabansa, tas. Tsintsiya ce, sabuwa.

"Kai, bawa!" in ji Tasalla, da muryar da har masu shayi suka waiwayo. "Ina za ka? Tsaba ta zube tun ƙohwa har ƙurya, kana tsaye awa wani injiniya. Sharar cika-ciki ma ina binka."

Kalilu ya tsaya yana kallon tsintsiyar. Na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya sunkuya ya ɗauka, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago, tsohuwar fuskarsa ce ta dawo.

Ya ce, "Sauko bisa buhun nan tukuna. Injiniya bai sa nauyinki cikin lissahi ba."

Ta cire takalmi ta jefe shi, ya kauce, ya samu wani direba. Wuri ya kaure da dariya. Yayana ya naɗe hannun riga ya share siton nan tun daga ƙurya har bakin titi, tana binsa tana nuna masa inda ya bari. Da ya gama aka kawo masa fura a kwano mai murfi. Ya kurɓa, ya yi tari, hawaye suka zubo masa, barkono har a hanci. Ya shanye tas, ya miƙa kwanon ya ce a ƙaro.